Yadda za ka koyi ƙididdiga da inganta aiki ta intanet a wannan matsin ba tare da ka zubar da kuɗinka ba

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira ta nemi farashinta da kanta, kusan duk sati sai wani ya tare ni ko a masallaci ko a bakin get ɗin Samaru a nan Zariya yana cewa malam wane kwas zan yi onlayin, ko Allah zai sa a dace da aiki. Wasu sun gama digiri suna zaune a gida, wasu kuma suna da aikin amma ana ta rage mutane a wajen, suna so su zama cikin waɗanda ba a iya sallama. Na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya. Ni dai na daɗe ina wannan harka ta auna kaya da bin diddigin ɓarna a ƙananan masana'antu, kuma na zaunar da matasa da dama mun bi wannan hanyar tare, na ga inda suke faɗuwa.

Abu ɗaya zan faɗa tun yanzu don kar mu ɓata wa juna lokaci: satifiket shi ne na ƙarshe. Wanda ya fara da neman takarda yawanci takardar kawai yake samu. Kai ka fara da lambobin wajen aikinka.

Kayan da za ka tanada

Waya mai Android wadda za ta iya ɗaukar bidiyo da ɗan fili a cikinta, in ba fili ka sa memori. Laftof in akwai ya fi, in babu ba komai, wata biyun farko waya ta isa. Littafin rubutu mai kauri guda ɗaya da biro da rula, kar ka raina wannan, shi ne babban kayan aikin. Manhajar lissafi, Excel ko Google Sheets, dukkansu suna aiki a waya, a laftof kuma in ba ka da Excel mai lasisi ka sauke LibreOffice, kyauta ce. Fawabank ko wajen caji da ka amince da shi, ka san yadda wuta take a garin nan. Adireshin imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya, ba irin su sarkinyaƙi da wasu lambobi ba, don da shi za ka yi rajista kuma sunan da ka sa a rajista shi zai fito a takarda. Sai abin aunawa daidai da sana'arka: sikelin kicin na dijital, ana samu a kasuwar Sabon Gari, ko tef na tela, ko agogon wayarka kawai in lokaci za ka auna.

Na ƙarshe kuma mafi wahalar samu, wajen da za a bar ka ka ɗebi lambobi. Gidan burodi, gidan fiyawata, injin casar shinkafa, shagon ɗinki, kemis, asibiti, makarantar firamare, gonar kaji. In ba ka aiki ko'ina, kana da kawu ko yaya ko maƙwabci mai sana'a, je ka roƙe shi da ladabi, ka ce karatu kake ba kuɗi za ka karɓa ba.

1. Zaɓi matsala ɗaya kafin ka buɗe kowane kwas

Ka zauna da mai wajen ka tambaye shi me ke cinye masa kuɗi. Ba za ka sha wahala ba, a wannan yanayin kowa yana da amsa a baki: fulawa ta yi tsada amma burodi na ƙonewa, leda na yagewa, kwastoma na dawo da ɗinki, marasa lafiya na yini a layi. Ka ɗauki ɗaya tak wadda za a iya ƙirgawa ko aunawa kullum. "Ma'aikata ba su da himma" ba matsala ba ce da za ka auna. "Burodi nawa ake warewa kullum saboda lalacewa" ita ce matsala. Ka rubuta ta a shafin farko na littafinka da kwanan wata.

Dalilin da ya sa na sa wannan a gaba, duk darasin da za ka kalla daga baya kana da abin da za ka ɗora shi a kai. Wanda ba shi da nasa lambobin sai ya kalli bidiyo talatin yana gyaɗa kai, bayan sati biyu ka tambaye shi ba abin da ya rage.

2. Fara tara lambobi yau, tun ba ka iya komai ba

Ka ja layuka a littafi: kwanan wata, lokaci, wa ke kan aiki, abin da aka auna, sai wani fili na abin da ya faru ranar, kamar an canza buhun fulawa ko an koma janareto. Ka auna a lokaci guda kullum, da sikeli guda, ta hanya guda. Kana buƙatar aƙalla awo 20 zuwa 25 kafin su fara magana, wato kusan wata guda in sau ɗaya kake yi a rana, shi ya sa ba a jira.

Kurakurai uku da nake gani kullum. Na farko zaɓen abin aunawa da ido, hannunka zai tafi kan mai kyau ko kan mummuna ba ka sani ba, gara ka ce duk na goma a tire shi zan ɗauka kuma ka tsaya a kan haka. Na biyu cike ranar da ka manta da lambar da ka ƙirƙiro, don Allah ka bar wajen a buɗe, gurbi ya fi ƙarya. Na uku kuma wanda ya fi ɓata aiki, ma'aikata su zaci leƙen asiri kake wa oga. Na taɓa yin wannan kuskuren a wani gidan burodi, ban yi wa yaran bayani ba na shigo da sikeli da littafi, kwana uku kacal lambobi suka yi kyau kamar an zana su, ashe ɓoye lalatattun suke kafin in iso. Sai da na zauna muka sha shayi tare na ce musu tanda nake bincike ba mutum ba, sannan gaskiya ta dawo.

3. Ginshiƙin ƙididdiga, sati huɗu zuwa shida

Nan ne intanet ke shigowa. Khan Academy tana da sashen ƙididdiga da yiwuwar aukuwa, kyauta ne gaba ɗaya, akwai bidiyo akwai atisaye, kuma atisayen ya fi bidiyon amfani. In wani abu ya ƙi shiga, tashar StatQuest a YouTube tana warware shi a hankali da zane. OpenLearn na Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila da Saylor Academy su ma suna da darussa kyauta, yawanci na karantawa, waɗannan ba sa cin data sosai.

Abin da kake buƙata a wannan matakin bai da yawa: abareji, lambar tsakiya, tazarar da ke tsakanin babba da ƙarami, ma'aunin warwatsuwa wanda za ka ji suna kira istandad dibiyeshan, zanen histogiram mai nuna sau nawa kowane awo ya fito, da siffar ƙararrawa, wato yawancin awo a tsakiya, kaɗan a gefe da gefe. A Excel su ne AVERAGE, MEDIAN da STDEV.S. Game da ƙararrawar nan ka riƙe lambobi uku: in awonka ya bi wannan siffar, kusan kashi 68 cikin ɗari na faɗuwa cikin taku ɗaya na warwatsuwa, wato istandad dibiyeshan ɗaya, daga abareji, kashi 95 cikin taku biyu, kashi 99.7 cikin taku uku. Kusan duk abin da zai zo gaba a kan wannan aka gina shi.

Kuma ka gane bambancin abareji da lambar tsakiya da kyau. Mutum biyar a shago, huɗu suna samun dubu hamsin hamsin, oga yana samun dubu ɗari takwas, abareji ya ce kowa na samun dubu ɗari biyu, lambar tsakiya ta ce dubu hamsin. Ka ga wanda ya faɗi gaskiya.

Kowane darasi ka gama, ka yi shi sau ɗaya da hannu a littafi da lambobinka, sannan ka sa a manhaja ka ga ko sun yi daidai. Kar ka tsallaka zuwa yarukan kwamfuta irin Python ko R yanzu saboda ka ga ana ta yayinsu, za su jira ka.

Maganar data kuwa, tun bayan ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 da aka amince da shi a farkon 2025 dole a yi dabara. Ka sauke bidiyo da datar dare a cikin manhajar Khan Academy ko Coursera ka kalla da rana ba intanet, ka rage ingancin hoton zuwa 360, allo da lambobi ne ba fim ba. Ka kunna rubutun ƙasan bidiyo in Turancin Amurka na yi maka sauri, ka rage gudun maganar zuwa 0.75, ba abin kunya ba ne. In ku uku ne ko huɗu a unguwa ɗaya, mutum ɗaya ya sauke ku haɗu ku kalla, a Tudun Wada mun yi haka a zauren wani bawan Allah kuma wallahi gardamar da ake bayan bidiyon ta fi bidiyon koyarwa.

4. Kayan aikin inganci

Yanzu ka nemi kwas na gabatarwa kan inganta aiki, a Coursera ko edX ko Alison, za ka gan su da sunan Six Sigma ko Lean, tsare-tsare ne na rage kuskure da ɓarna a wajen aiki. In ma'aikacin lafiya ne kai, irin 'yan'uwanmu na asibitin koyarwa na Shika da sauran asibitoci, ka duba IHI Open School, su harkar lafiya suka sa gaba, amma ka karanta sharaɗin biya tukunna.

Ɗan tarihi kaɗan don ka san ba sabon abu ba ne. Walter Shewhart ya fito da jadawalin sa ido, wanda zan yi bayaninsa a mataki na 5, a 1924 a Amurka. Deming, wani masanin ƙididdiga ɗan Amurka, ya je Japan a 1950 yana koya wa injiniyoyi da shugabannin kamfanoni wannan ilimin, lokacin ƙasar ba ta farfaɗo daga yaƙi ba, kuma a shekarar ce Toyota ta shiga matsalar kuɗi har ta sallami ma'aikata. Six Sigma kuma Motorola ce ta fito da shi a 1986. Abin da nake so ka lura, mutanen da suka fi riƙe wannan ilimin da hannu biyu ba masu wadata ba ne, waɗanda ba su da abin zubarwa ne. To mu ma ga mu.

Kwas zai jero maka kayan aiki da yawa, uku za ka fi amfani da su.

Jadawalin Pareto: ka ƙirga dalilan lalacewa ka jera daga babba zuwa ƙarami. A ce cikin burodi 100 da aka ware, 46 ƙonewa ne, 27 bai tashi ba, 12 leda ta yage, 9 bai kai nauyi ba, 6 sauran tarkace. Biyun farko kawai sun ci 73. Oga kuma tun safe faɗan leda yake yi saboda ita yake gani da ido.

Ƙashin kifi na Ishikawa, zane ne na gano musabbabin matsala: ka zana ƙashin baya, matsalar a kai, kowane reshe wani ɓangare ne, mutane, inji, kayan haɗi, hanyar aiki, awo, yanayi. Kar ka cike shi kai kaɗai a ɗaki, ka kira wanda ke tsaye gaban tanda, shi ya san cewa ɓangaren hagu ya fi zafi.

Sai tambayar me ya sa har sau biyar, wadda aka san Toyota da ita. Ya ƙone, me ya sa? An bar shi ya daɗe. Me ya sa? Mai kula ya tafi ɗaukar fulawa. Me ya sa shi zai ɗauko? An rage ma'aikaci ɗaya. Ka ga inda aka fara da inda aka iso. In amsarka ta tsaya kan "wane ne bai da hankali", ba ka gama tambaya ba.

5. Jadawalin sa ido, nan zan daɗe

Wannan shi ne zuciyar abin, kuma shi ne mutane ke gudu saboda sun ga alamun lissafi. Ba wuya. Ga misali da awo goma don ka ga hanyar, amma kai ka yi da 20 ko fiye. Nauyin burodi a giram: 502, 498, 510, 495, 505, 500, 492, 508, 497, 503.

Ka tara su, 5010, ka raba goma, abareji 501. Wannan shi ne layin tsakiya. Sai ka ɗauki bambancin kowane awo da wanda ya gabace shi, ba ruwanka da wanne ya fi: 4, 12, 15, 10, 5, 8, 16, 11, 6. Guda tara ne, jimilla 87, abarejinsu 9.67. Ka ninka da 2.66, wannan lambar ba ta canzawa in awo ɗaiɗai kake yi, ka samu 25.7. Ka ƙara a kan 501, iyakar sama kusan 527. Ka cire, iyakar ƙasa kusan 475. Ka ja layuka ukun da rula, ka riƙa ɗiga kowane sabon awo kana haɗawa.

Karatunsa: duk ɗigon da ke yawo tsakanin iyakokin nan ba tare da wani tsari ba, halin aikin ne, haka yake numfashi, kar ka taɓa. In ɗigo ya fita waje, ko ka ga takwas a jere duk a gefe ɗaya na layin tsakiya, wani abu na musamman ya faru, koma filin da ka rubuta abin da ya faru ranar. Babban kuskure shi ne jiya 492 sai a yi ihu a ƙara ƙullu, yau 508 sai a yi ihu a rage, wannan taɓe-taɓen ƙara warwatsa aikin yake.

Kuskure na biyu, haɗa iyakar jadawali da abin da kwastoma ke so. Iyakar jadawali aikinka ne ke faɗin abin da yake iyawa. Abin da aka rubuta a leda kuma alkawari ne. In ka yi alkawarin giram 500 kuma aikinka na lilo daga 475 zuwa 527, mai gidan zai ɗaga abareji don kar a kama shi da tauye mudu, wato yana kyautar da ƙullu kullum. Giram 10 na ƙari a burodi 2000 kilo 20 ke nan a rana. Je ka tambayi kuɗin buhun fulawa yau ka lissafa na wata. In ka rage warwatsuwar, sai a sauko da abareji ba a cuci kowa ba. Ranar da ka nuna wa mai sana'a wannan lissafin a takarda, ranar zai daina kallonka a matsayin ɗan boko mai damun mutane.

In ba ka da ƙarfin wannan lissafin tukunna, ka yi mai sauƙi: ɗiga awon a jere, ja layi a lambar tsakiya, shida a jere a gefe ɗaya alama ce an samu canji. Asibitoci da yawa da wannan suke aiki.

6. Gwada gyara ɗaya, ƙarami

Tsara, gwada, duba, yanke hukunci, haka zagayen gwada gyara yake. Ka canza abu ɗaya kawai, misali a juya tire a rabin lokaci, na sati ɗaya, a tanda ɗaya. Kafin ka fara ka rubuta abin da kake tsammani zai faru. Ka ci gaba da awo yadda ka saba. In ka canza abu uku lokaci guda ya yi kyau ba ka san wanne ya yi aiki ba, ya ɓaci ma haka. Kuma ka fara da gyaran da ba ya cin kuɗi, ba wanda zai sai maka sabon inji yanzu.

7. Gwajin hasashe da sauransu

Bayan wata uku haka ka koma kwas ka ɗauki tazarar amincewa da gwajin t, hanyoyin gane ko bambancin da ka gani na gaske ne ko dace ne kawai, da kuma dangantaka tsakanin abu biyu. Nan laftof ke da amfani, ka sauke manhajar ƙididdiga jamovi ko JASP, kyauta ne kuma danne-danne ne kamar SPSS, wata sananniyar manhajar ƙididdiga. Yawancin kwasa-kwasan Six Sigma da Minitab suke nuna misali, shi kuma na kuɗi ne da dala, kar ka sauke na sata, cike suke da bairos, abin da suka yi kusan duka za ka iya a Excel ko jamovi. In ba ka da laftof, ka haɗa aikinka na sati ka je kafe a Samaru ko Kongo ka yi awa biyu.

8. Yanzu maganar takarda

A Coursera akwai maɓallin neman tallafi, Financial aid, a shafin kwas. Za ka bayyana halinka da dalilin son kwas ɗin, ka jira kamar sati biyu. Ka rubuta da kanka, ka ambaci aikin da ka riga ka yi da lambobinsa, kar ka kwafi na wani a gurup. Ba kullum suke yafe duka kuɗin ba, kuma dokokinsu na canzawa, ka karanta abin da ke shafin ranar. edX ma suna da nasu tallafin. Alison karatu kyauta takarda da kuɗi. Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya na horar da mutane fasahar zamani da aka fara a 2023 yana da ɓangaren nazarin bayanai, in an buɗe rajista ka gwada.

Hattara da gwajin kyauta na kwana bakwai mai neman lambar kati, in ka manta za su cire kuɗi, da canjin yau kuma ba ƙaramin ciwo ba ne. Ka sa ƙararrawa a waya tun kwana na biyar.

Sai bel-bel ɗin Six Sigma, wato matakan takardar ƙwarewa, fari, rawaya, kore, baƙi. Ba wata hukuma guda da ta mallaki sunan, kowa na iya buga takarda ya sa hatimi. Wani ƙanena ya biya wasu a WhatsApp aka ba shi baƙin bel a kwana biyu, aka kira shi intabiyu aka miƙa masa lambobi aka ce ja mana iyaka, ya dawo gida shiru. ASQ, ƙungiyar masana inganci ta Amurka, wadda ake ganin girman takardarta, sai kana da shekara uku na aiki kafin ka zauna jarrabawar koren bel, kuma da dala ake biya. Ka bar ta sai ka samu wajen aikin da zai biya maka.

Abin da za ka riƙe a hannu kafin nan shafi biyu ne: matsalar, jadawalin kafin gyara, abin da aka canza, jadawalin bayan gyara, da kuɗin da aka tsira da shi a naira. Ka nemi izinin mai wajen, in bai so a sa sunansa ka cire ka ce wani gidan burodi a Zariya. Ka roƙe shi ya sa hannu a ƙasa, ka ɗauki hoto ka mayar PDF, ka buga kwafi biyu ka sa a fayil ɗin da kake zuwa intabiyu da shi, a saman sauran takardun.